Wata na bakwai a gareji: laifin gaskit ne ko top silinda ya tsage?

'Yan uwana masu koyon gyaran injin dizal, abin da ya fi cin lokacina a wannan watan shi ne wata bas Hiace mai injin Toyota 5L, wadda direbanta ya kawo yana kukan cewa kullum sai ya ƙara mata ruwa sau biyu kafin ya isa Wudil. Babu inda ruwa ke ɗiga a ƙasa, amma salansa tana fitar da farin hayaƙi wanda ba ya ɗaukewa ko bayan injin ya ɗumama, saɓanin tururin safiyar hunturu da ke ɓacewa cikin 'yan mintuna. Da na buɗe murfin lagireto tun injin yana da sanyi na tayar da shi, sai ga kumfa yana tasowa ɗaya bayan ɗaya, kuma da na mayar da murfin, tiyon sama ya yi tauri nan da nan.

Maigida ya yi tafiya a ranar, direba kuma yana gaggawa, don haka na yanke hukunci cewa gaskit ne ya ƙone, wato shimfiɗar da ake sawa tsakanin top silinda da bulok (gangar jikin injin) don hana ruwa da iska yoyo. Na sauke top silinda, wato murfin ƙarfen da ke rufe saman silindojin, na goge shi, na sa sabon gaskit, na ɗaure. Ba a yi mako biyu ba motar ta dawo da ciwonta. Maigida bai yi faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi mini: "Da ka sauke shi, me ka auna?" Na ce, "Ranka ya daɗe, duba shi kawai na yi." Ya ce to in sake saukewa.

A karo na biyu ya nuna mini abin da idona ya tsallake. Kan fistin na uku fes yake kamar an wanke shi da sabulu, alhali sauran ukun baƙi ƙirin suke da kunkunniya, kuma wannan shaida ce cewa ruwa yana shiga silindar, tururinsa yana wanke ta. Daga nan muka ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a fuskar top ɗin, a tsaye da kwance da kuma kusurwa zuwa kusurwa, muna zura fila geji, wato siraran ƙarafan auna tazara, a ƙarƙashinsa. Iyakar lanƙwasar da aka yarda da ita tana cikin littafin kowane inji, kuma ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ba ta kai rabin milimita ba. Namu bai wuce iyaka ba, saboda haka matsalar ba lanƙwasa ba ce.

Tsagar tana tsakanin bawul biyu na silinda ta uku, siririya kamar gashi. Maigida ya ce irin wannan ba kullum take kashe top ba, domin wata a fuska kawai take tsayawa, kuma abin dubawa shi ne ko ta kai ga hanyar ruwa. Muka kai shi wurin masu injin gwaji, suka toshe ƙofofin ruwan, suka hura masa iska, suka nutsa shi a ruwan zafi. Zafin yana da dalili, domin wata tsagar ba ta buɗe baki sai ƙarfe ya ɗumama. Can sai ga kumfa yana fitowa daga daidai wurin, a jere kamar carbi.

A nan ne na fahimci inda gyara yake ƙarewa. Lanƙwasa kaɗan ana iya kankare ta idan kamfanin injin ya yarda, amma da taka-tsantsan, saboda wannan injin yana matse iska kusan sau 22, fistin yana zuwa dab da top, kuma duk abin da aka kankare yana ƙara kusanto da bawul ga fistin. Tsagar da ta kai ga ruwa kuwa sai canji. Direban ya nemi a yi walda, maigida ya ƙi, ya ce waldar ƙarfen zubi a wurin da wuta ke ci dare da rana ba kasafai take daɗewa ba, kuma kuɗin aiki sau uku ya fi na top ɗin.

Mun samo na hannu a kasuwar Ƙofar Ruwa, da sharaɗin sai an gwada shi kafin a biya. Kafin ɗaurawa na auna yadda fistin ke leƙowa sama da bulok, domin da shi ake zaɓen kaurin gaskit, sannan na ɗaure kusoshin daga tsakiya zuwa gefe, mataki mataki.

Abin da ya tsaga tsohon ma mun gano shi: an cire tamostat (na'urar daidaita zafin ruwan inji), lagireto ya toshe da gishirin ruwan rijiya, kuma direban ya amsa cewa a zafin Afrilu ya taɓa zuba ruwan sanyi cikin injin yana tafasa. Lagireton yana wurin wanki yanzu, ranar Asabar zan ɗaura shi in sake duba kumfa.