Haƙa a daskararriyar ƙasa: zafi ne abin tsoro

Duk wanda ya koyi haƙar burtsatse a Sinnar ko Gadarif ya san ba a barin ruwa ya yanke wa bakin rodi. To, a Siberiya da Alaska da arewacin Kanada wannan al'adar ce ke ɓata aiki, domin ruwan na narkar da daskararriyar ƙasar. Ƙasar da ake magana a kai ita ce wadda ta yi aƙalla shekara 2 a jere ba ta haura digiri 0 ba, kuma a Yakutiya, wani yanki na Siberiya, daskarewar ta kusa mita 1,500 a zurfi. Ƙanƙarar da ke cikin samfurin ƙasar da ake haƙowa ake son aunawa. In ta narke, taɓo kawai ka fito da shi.

Ana fara sa kesin, wato bututun da ke tokare bangon rami, ya ratsa ƙasar sama, wadda ke narkewa in zafi ya shigo, don kada ruwanta ya gangara rami. Ga rami mara zurfi, bututun SIPRE, wani bututun haƙa mai haƙora a baki, ya wadatar: yana fito da sandar ƙasa mai faɗin kusan santimita 7.6. Haƙoran kabayid, wani ƙarfe mai tauri sosai, sun isa laka da ƙanƙara. Tsakuwa da dutse sai baki mai lu'ulu'u.

A juya a hankali, a riƙa cirowa bayan kowane santimita 30 zuwa 50. Nan ne gaggawa ke cin mutane. Guga na narkar da gefen rami, in ka tsai da inji bututu na ciki, ruwan ya sake daskarewa ya riƙe shi gam. Shi ya sa ba a tsayawa sai bututu ya fito.

Don fitar da tarkace, iskar kwamfaresa da aka sanyaya ta fi, domin tana fitowa da zafi in ba a bi da ita ta na'urar sanyi ba. Ruwan gishiri mai sanyi yana aiki, amma a ganina bai dace da samfurin da za a auna sinadaransa ba, tunda gishirin yakan ci gefensa.

Da samfur ya fito, a naɗe shi da leda don kada ƙanƙarar ta bi iska, a rubuta zurfi, a zana kibiya mai nuna sama, sai cikin akwatin sanyi. Wayar awon zafi da aka zura a ramin kuwa, kada a amince da lissafinta na kwanakin farko. Zafin haƙa yakan ɗauki makonni, a rami mai zurfi har watanni, kafin ya fita.