Tafiyata Daura don gyara ɗakin ɗaukar kiɗan kalangu

Ɗan yayata da ke zaune a Daura ya daɗe yana turo mini kiɗan da yake ɗauka a ƙaramin situdiyon da ya haɗa a gidansu, kuma duk lokacin da na saurara abu guda nake ji: makaɗan ƙwararru ne, amma kalangun yana fitowa a cakuɗe, ba a rarrabe muryarsa, ga kuma wani ƙugi da ke bin ƙarƙashin kiɗan tun daga farko har ƙarshe. A ganinsa maganin shi ne ya sayar da babur ɗinsa ya sayi makirfo masu tsada. Da yake na yi shekaru ina aikin haɗa sauti a Katsina, sai na roƙe shi ya dakata har in zo in ga ɗakin da idona, in kuma ji shi da kunnena.

Na tashi da sassafe a tsakiyar hunturu, ɗauke da kwali guda. A ciki akwai akwatin shigar da sauti cikin kwamfuta na Behringer mai ƙofa huɗu, wato wuraren jona makirfo huɗu, wanda na saya na hannu, da makirfo Shure SM57, da wasu ƙananan makirfo biyu nau'in kondensa, wato masu saurin jin sauti, da wayoyi masu baki uku, da tef ɗin awo. Yaron mota ya so ya jefa kwalin a but tare da buhunan mutane, amma na ce a cinyata zai zauna, domin fatar da ke cikin kondensa siririya ce ƙwarai, ba ta son ƙura kuma ba ta son jijjiga. Tun a gida na naɗe kowanne a leda saboda hazon da ya rufe gari.

Tsakanin Katsina da Daura kimanin kilomita 80 ne, hanya ta miƙe gabas ta bi ta Mashi da Shargalle. An riga an kawar da amfanin gona, sai karan gero da dawa a tsaye ko a ɗaure, kukoki sun zubar da ganye, gawo kuwa ya yi kore shar kamar yadda ya saba yi da rani. Wani dattijo da ke kusa da ni ya tambayi abin da na rungume, da na gaya masa sai ya gyara zama. Ya tuna mini cewa marigayi Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, a Daura aka binne shi, sannan ya koka cewa yaran yanzu sun bar kalangu na gaske sun koma ciro kiɗa daga fiyano. Na ba shi gaskiya, amma na ƙara masa da cewa yawancinsu ba ƙin kalangun suke yi ba. Ɗaukar ganga ta gaske a ƙaramin ɗaki aiki ne mai wuya, wanda ya gwada ya ji abin bai yi daɗi ba sai ya koma ga abin da ke cikin na'ura. Wannan ne ma dalilin tafiyata, domin ba na son ɗan yayata ya shiga sahun waɗanda suka gwada suka haƙura.

Bayan mun gaisa da yayata da mutanen gida na sha fura, sai yaron ya ja ni zuwa situdiyon. Ɗaki ne na bulo da siminti, an shimfiɗa tayil a ƙasa, an yi silin roba ƙarƙashin kwano, an kuma manne kwalayen ƙwai a bango har sama. Na tsaya a tsakiya na tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, sai wata ƙara mai karkarwa ta biyo bayan tafin. Na sa shi ya riƙe bakin tef muka auna, muka samu mita 3.4 a tsawo, mita 3.4 a faɗi.

Na zaunar da shi na yi masa lissafin, domin idan bai gane shi ba zai sake faɗawa cikinsa a wani ɗakin. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa guda. Idan bango biyu suna fuskantar juna, akwai amon da ke kai da komowa a tsakaninsu yana ƙara wa kansa ƙarfi, kuma ana gano shi ne idan aka raba 343 da ninki biyu na tazarar bangon. A ɗakinsa lissafin ya ba da kaɗawa 50 a daƙiƙa, tare da ninkinta, wato 100 da 150 da abin da ya biyo baya. Da yake tsawo da faɗi daidai suke, ɓangarorin biyu amo ɗaya suke kumburawa, saboda haka duk lokacin da makaɗi ya sassauta kalangu ya sauko ƙasa sai ɗakin ya cika da gurnani ya haɗiye bugun da ke biye. Ya ce, "Kawu, to kwalayen ƙwan fa?" Na ce masa takarda ce siririya, abin da za ta iya taɓawa shi ne ɗan amo na can sama, shi ma kaɗan, ga ta kuma abincin gobara. Abin da ke shanye amo mai nauyi sai ya kasance mai kauri da laushi, iska na ratsa shi. Na kuma bambanta masa abu biyu da matasa ke haɗawa: kashe amsa-kuwwa a cikin ɗaki daban, hana ƙarar waje shigowa daban. Na farko katifa da bargo suna yi, na biyu kuwa sai bango mai nauyi da ƙofa mai rufuwa ruf.

Maganar bango mai nauyi ce ta sa yayata, wadda ke sauraronmu daga bakin ƙofa, ta ambaci tsohon soron da ke can ƙuryar gida, wanda suka mayar wurin ajiyar hatsi. Ginin ƙasa ne na da, bangonsa ya kusa kamu biyu a kauri, rufin azara ne, kuma ya fi tsawo a kan faɗi. Hannu ne ya yaɓe shi, don haka babu bangon da ya miƙe sak yana kallon ɗan'uwansa. Na tafa a ciki, tafin ya fito ya mutu a tsabtace, da ɗan jela gajeriya mai daɗi. Ƙarar baburan kan titi ma da ƙyar ake jin ta, ga sanyin da zai sa a iya aiki babu fanka idan zafin bazara ya zo, alhali a ƙarƙashin kwano dole a zaɓi ɗaya tsakanin gumi da ƙarar fanka a cikin kiɗa. Ra'ayina ne, kuma na daɗe a kansa, cewa masu situdiyo a ƙasar Hausa suna raina ginin ƙasa ba bisa hujja ba, suna kashe kuɗi a kan kumfa mai ƙyalli don su gyara ɗakin siminti, alhali ga abin da ya fi shi a bayan gida.

Yinin nan a share-share ya ƙare. Ba mu fitar da buhunan gero duka ba, mun jera su a kusurwoyi biyu, domin a kusurwa amo mai nauyi ke taruwa. A sauran biyun muka jingina tsofaffin katifu a karkace, muka bar sarari a bayansu, tun da wannan sararin yana ƙara musu zurfin abin da suke shanyewa. Muka shimfiɗa darduma a inda makaɗa za su tsaya, muka rataya bargo a bayan ƙofa. Yaron ya so mu lulluɓe bangon gaba ɗaya, na hana shi, saboda ganga tana buƙatar ɗaki ya ɗan amsa mata, in ba haka ba sai ta fito a bushe kamar ana dukan kwali.

Saura ƙugin. Na sa ya kunna kwamfutarsa ya sa lasifikar kunne, sannan na zare cajar daga bango, nan take rabin ƙugin ya ɓace. Wutar lantarkinmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma ita ce ke kutsowa ta caja mara kyau da wayoyin da babu kariya. Sauran rabin daga wayar makirfonsa yake, mai baki biyu ce an yi mata ɗauri da salatif. Waya mai baki uku tana ɗauke da sautin ta hanya biyu, ɗaya a juye, idan suka isa akwatin aka mayar da juyayyen daidai sai duk hayaniyar da ta shiga a hanya ta kashe kanta. Muka canza wayoyin, muka raba hanyarsu da ta wayar wuta, inda dole su haɗu muka gicciya su. Muka kuma yanke cewa ba za a ɗauki kiɗa da janareta ba, sai da batirin solar gidan, kwamfuta kuma a kan batirinta.

Washegari da hantsi makaɗan suka iso, wani dattijo da ya gaji kiɗan fawa tun daga kakanninsa, da 'ya'yansa biyu, ɗaya da ƙaramin kalangu, ɗaya da kurkutu. Lokacin ma zaɓarsa muka yi: yara sun tafi makaranta, injin markaɗen maƙwabta ya lafa, kuma akwai tazara kafin kiran azahar. Tun da dare yaron ya bi maƙwabta ya sanar da su.

A nan ne aikin ya fi ɗaukar hankalina. Abin da yaron ya koya a intanet na gangunan Turawa ne, waɗanda ke kafe a kan ƙarfe, ana kai musu makirfo har kusa da fata. Kalangu kuwa a rataye yake a kafaɗa, makaɗi yana matse tsarkiyarsa da hammata yana saki, jikinsa na juyawa, bakin kalangun na hawa da sauka. Makirfon da aka kafa dab da tantani zai ji bugu ɗaya da ƙarfi, na biye ya kuɓuce masa, kuma irin SM57 yana ƙara nauyin amo idan abu ya matso shi sosai. Saboda haka na ja shi baya kimanin santimita 40, na ɗan kauce wa hanyar sandar kiɗa. Kondensa biyun, waɗanda ke buƙatar wutar bolt 48 daga akwatin, na ɗaga su sama da kan makaɗan, na haɗa kawunansu wuri ɗaya a gicciye, ɗaya na kallon dama ɗaya hagu. Dalilin haɗa kawunan shi ne sauti ya iso musu lokaci guda. Sauti yana cin santimita 34 ne a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kuma wannan ɗan jinkirin ya isa ya sa makirfo biyu su cinye amon juna idan aka haɗa su a lasifika ɗaya, wanda kuwa ta lasifikar waya ɗaya tak yawancin mutanenmu za su ji kiɗan. Ƙofa ta huɗu muka ba kurkutu da tsohon makirfon yaron. Muka roƙi dattijon ya yi bugu mafi ƙarfi da zai yi, muka rage ƙarfin sautin da ke shiga akwatin har ƙololuwarsa ta tsaya wajen desibel 12 (ma'aunin ƙarfin sauti) ƙasa da iyakar da na'urar ke iya ɗauka, domin makaɗi idan jikinsa ya yi zafi sai ya wuce abin da ya nuna a gwaji.

Yaron ya miƙa wa dattijon lasifikar kunne, yana so a ɗauki kowa shi kaɗai a kan ƙwanƙwasar kwamfuta mai ƙirga lokacin bugu. Dattijon ya mayar masa a hankali ya ce, "Yaro, mu da ido muke amsa wa juna, in ka raba mu ka raba kiɗan." Na ce, "Baba, yadda kuka saba haka za a yi." Suka tsaya a rabin da'ira suna kallon juna, muka ɗauke su tare. Da muka zo tacewa na hana yaron danne sautin da yawa, na kuma hana shi kusantar manhajar daidaita murya, domin hawa da saukar amon kalangu su ne maganarsa, da su yake bin karin harshen Hausa har mai sauraro ya ji kalmomi. Mun gwada aikin a kan surukar yayata, tsohuwa da ta tashi a unguwar mahauta. Muka kunna mata a waya ba tare da mun ce komai ba, ba a yi nisa ba ta fara faɗin taken da baki tana bin kalangun. Da muka kunna mata tsohuwar ɗaukar ɗakin siminti, cewa ta yi tana jin kiɗa amma ba ta jin abin da ake faɗa.

Da la'asar muka taka zuwa wajen rijiyar Kusugu muka zagaya ta ƙofar fada, hirar kuma ba ta bar kan kiɗa ba. Burin yaron shi ne wata rana ya ɗauki tambura da sauran kiɗan sarauta, waɗanda ba a ɗauko su a kawo situdiyo, sai dai mutum ya nemi izini ya je inda suke, musamman lokacin Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal. Wannan aiki na ƙaramar na'urar ɗauka ce ta hannu mai batir, da rigar gashi ta tare iska. Na shawarce shi da ita ya sa a gaba wajen tara kuɗi, idan kuma ya tashi sayen SM57 nasa ya je da wanda ya san shi, saboda jabunsa ya yi yawa a kasuwa.

Na bar masa akwatin da kondensa biyun aro, na sa su a cikin robar abinci mai murfi don ƙura, na dawo Katsina da makirfona guda da kwafin abin da muka ɗauka. Babur ɗinsa yana nan bai sayar ba. Sharaɗin da na gindaya masa a gaban mahaifiyarsa shi ne ya kira magini ya sake yaɓen rufin soron ya gyara indararo kafin ruwan farko ya sauka, domin laimar damina tana lalata kondensa, tana kuma saki fatar kalangu.