Karyar da na tsinta a titi da yadda na samo mata gida

Ni fa ɗauko ta bai ba ni wahala ba kamar nemo wanda zan ba, shi ya sa duk mai son yin irin wannan nake ce masa ya fara tunanin ƙarshen tun kafin ya fara. Karya ce da ke kwana ƙarƙashin wata matacciyar mota kusa da inda nake aiki, ta rame sosai gashin bayanta duk ya zube fatar ta yi ɓawo, kunnenta ɗaya kuma cike da kaska wasu sun sha jini har sun kumbura sun yi toka-toka. In ka matso sai ta cusa wutsiya tsakanin ƙafafu ta ja da baya, ba haushi ba gurnani, kallo kawai, kuma wallahi wannan shirun ya fi tsaya min a rai.

Ban kai mata hannu da wuri ba. Ruwa da ɗan abinci nake ajiyewa kullum a lokaci guda, in tsuguna gefe ba na kallonta ido cikin ido saboda a wajen kare wannan kamar tsokana ce, a haka har ta fara ci ina wurin, daga baya ta yarda na sa mata igiya. Taka-tsantsan ɗin ba na banza ba ne, kare na titi ba ka san ko ya taɓa ganin allura ba, kuma ciwon haukar kare ba abin wasa ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, har kashi 99 cikin 100 daga kare ake ɗauka, in alamu suka bayyana kuwa kusan ba a tashi. In an cije ka ko an yakushe ka, wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 ka wuce asibiti a ranar, kar ka ce bari mu gani.

Daga nan wajen likitan dabbobi muka nufa kafin ma gida. Ya ɗaga leɓenta ya nuna min dasashi, fari fat maimakon ja-ja, ya ce kaska da tsutsar ciki sun shanye mata jini. Ya ɗan kankare fatar ya duba a na'ura ya ce ƙazwar kare ce, irin mai yaɗuwa da har mutum takan sa wa ƙaiƙayi, dole in keɓe ta in riƙa wanke shimfiɗarta. Ya kuma duba ko akwai ɗan cip ɗin nan mai girman ƙwayar shinkafa da ake sakawa ƙarƙashin fata don a gane mai kare, babu, ni ma na yi cigiya da hotonta ko wani ne ya ɓatar da ita, ba wanda ya fito. Rigakafi sai da ta ɗan farfaɗo aka yi, na haukar kare da wanda ya haɗa da fabo, cutar nan mai sa amai da gudawar jini.

Abin da ya fi jaddada min shi ne kar tausayi ya sa in cika mata kwano, dabbar da ta daɗe da yunwa in ta narki abinci da yawa lokaci guda zai iya kashe ta, sai kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana. Banda albasa, banda cakulan da inabi, banda dafaffen ƙashi don yana tsagewa ya huda hanji, kuma kar a kuskura a ba ta maganin ciwon jiki na mutane.

Jikin ya fi saurin warkewa a kan tsoron. Ranar da na ɗaga tsintsiya zan share inda take kwana sai ta kwanta flat ta runtse ido fitsari ya zubo mata, ba wanda ya gaya min amma na gane da me aka riƙa korarta. Tun daga nan sai na fitar da ita nake shara. Ban tilasta mata komai ba, in ta shige lungu na bar ta, kuma ranar da na tarar ta ja silifas ɗina ta tattaune shi murna na yi, don karen da ke jin tsoro ko ciwo ba ya wasa. Da ta yi ƙarfi aka yi mata aikin cire mahaifa, wasu sun ce min mugunta ce amma ni ban yarda ba, cikin kare kwana 63 ne kacal kuma tana iya ɗauka sau biyu a shekara, yaran nan titin da ta fito za su koma.

To sai neman gida. Mutane sun nuna suna so, da yawa ma, amma tambayar farko ta mutum ita ke nuna maka shi. Wani tambaya ya yi ko tana cizo, shi gadi yake so zai ɗaure ta da sarƙa dare da rana don ta yi zafi, na ce a'a. Wata kuma yaronta ne ya ga hoto ya sa kuka, da na tambayi wa zai riƙa ba ta abinci in yaron ya gaji sai aka yi shiru. Ni kuma tambayoyina ba sa canzawa, ina za ta kwana, akwai katanga da inuwa, duk mutanen gidan sun yarda, za ka iya kai ta likita, in ka tashi daga gidan ya za a yi da ita. Wasu sun ji haushi wai kare ne fa ba aure ba, oho dai, ba zan sha wannan wahalar in mayar da ita inda ta fito ba.

Wanda na ba wani dattijo ne da karensa ya mutu da tsufa, shi tambayarsa ta farko ita ce me take tsoro. Na ce tsintsiya Baba, da ɗaga murya. Na je na ga gidan da idona, ya zo ya gan ta a wurina har ta saba da warinsa, sannan na kai ta da tsohon bargonta da katin rigakafinta, muka yi alkawari in wani abu ya taso ba zai ba kowa ita ba sai dai ya dawo min da ita. Rabuwar ta yi min zafi ba kaɗan ba, kuma da farko ƙin cin abinci ta yi ta koma lungu har Baba ya kira ni hankali a tashe, na ce ya ajiye kwanon ya ba ta baya ya ƙyale ta, sauyin wuri ne. Haka aka yi ta fara ci da daddare, daga baya da rana ma. Ranar sabunta allurarta na ajiye a wayata, in ta matso zan kira shi mu kai ta tare.