Abin da na gani daga teburin turi

A 2009 na kafa tebur da tsohuwar kwamfuta a gefen wani shagon cajin waya a Tudun Wada, nan Gusau. Sana'ar ita ce turi. Mutum ya miƙo memori, in zuba masa waƙoƙi, ya ba ni naira hamsin ko ɗari, ya kama gabansa. Da wannan teburin na yi aure, da shi na biya kuɗin makarantar ƙannena biyu. Don haka duk abin da zan faɗa nan, da hannuna a ciki zan faɗe shi.

Na tashi a gidan kaset. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana da rikoda mai cin batir shida, da kwali guda na kasa-kasai da ba mai taɓawa sai shi. Bayan isha'i zai shimfiɗa tabarma ya sa Musa Ɗanƙwairo ko Sa'idu Faru, kuma ba a yin hira a kan kotso. Kaset ɗin C90 minti 45 ne kowane gefe, sai gefe ya ƙare ake juyawa. Mayar da zare baya yana cinye batir, shi ya sa ake zura biro a murza da hannu, ko a haƙura a saurari abin da ya zo. Wannan haƙurin ne ya koya mana ji. Ka saurara yadda jagora ke ajiye ɗan waƙa, 'yan amshi su cafe su yi masa ƙari, a zaga a dawo gindin waƙar. Zambon da ka ji yau, sai a ji na biyar za ka gane wa ake nufi, Baba ya tsayar da rikoda ya ba ka tarihin gidan sarautar tun daga kaka.

A teburina na ga wannan kunnen yana canzawa, kaɗan-kaɗan. Da farko mutum kan zo da sunan mawaƙi a bakinsa. Bayan 'yan shekaru sai ya koma, "Zuba min sababbi." Daga baya ma sai, "Cika min shi kawai." Memori mai giga biyu yana ɗaukar waƙa ɗari huɗu da wani abu, kuma na sha ganin yaro tsaye a gabana yana gwada su: ya danna, ya ji daƙiƙa goma, ya wuce. Wadda ba ta kama shi tun daga bugun farko ba, ta mutu ke nan.

Ba zan ce duk hasara ba ce. Yaron Ƙauran Namoda da bai taɓa wuce Funtuwa ba yana jin mawaƙan Nijar da na Mali da na Legas a waya ɗaya. Tsofaffin waƙoƙin da sai an yi sa'a gidan rediyon Kaduna ya sako su, yau suna aljihun ɗan acaɓa. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, amma na tura shi wa samarin da aka haifa bayan rasuwarsa fiye da yadda zan iya ƙirgawa.

Inda abin ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wajen kuɗi. A zamanin kaset da faifan CD, mawaƙi kan shiga situdiyo a Kano, ya kai aikinsa wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai, su saya su buga su rarraba. Ko an ƙware shi a ciniki, wani abu dai ya shiga aljihunsa daga masu sauraro. Da muka zo, faifai ɗaya ya ishi gari. In ya iso Gusau da hantsi, kafin la'asar na juye shi a kwamfuta, kafin magariba yara sun raba wa juna ta Bluetooth, daga baya ta Xender, ba ma sai sun biyo ta wurina ba. Ɗan kasuwa ya buga dubbai ya sayar da kaɗan, sai ya daina saye. Can Amurka ma sun sha wannan tun fitowar Napster, manhajar raba waƙoƙi kyauta ta intanet, a 1999, amma a 2003 Apple ya buɗe kantin iTunes, waƙa ɗaya senti 99, mai son biya ya samu ƙofar biya. Mu nan babu wannan ƙofar. Kuɗin da mai sauraro ya fitar a teburina yake tsayawa.

Wata rana, wajen 2014, wani saurayi ya tsaya yana jin abin da nake sakawa a lasifika. Ya ce, "Malam, nawa kake tura wagga?" Na ce ashirin. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ni na yi ta. Babur ɗina na sayar na shiga situdiyo." Bai yi faɗa ba, bai nemi komai ba. Ya roƙe ni abu ɗaya: in gyara sunan, don a kwamfutata an rubuta ta da sunan wani shahararren mawaƙi. Na gyara a gabansa. Na ba shi abin da ke cikin aljihuna, ya ƙi karɓa. Har yau ina tuna yadda ya tsaya sai da waƙar ta kai ƙarshe kafin ya tafi.

To mawaƙi da me zai ci? Ya koma inda kakanninsa suka fito, wato gindin ubangida. Makaɗan fada da sarki suka dogara, shi ke ba da doki da riga da hatsi. Na yau da amarya da ango ya dogara, da ɗan siyasa, da mai kuɗin da ke son a ambaci sunansa. Shi ya sa za ka ji waƙar soyayya mai daɗi, tsakiyarta sai jerin gaisuwa. Bambancin shi ne makaɗin fada yakan shekara talatin a gida ɗaya, ya san asalin kowa, waƙarsa ta zama taskar tarihi. Wanda aka ɗauka haya don biki ɗaya, suna kawai aka turo masa ta WhatsApp.

Yanzu an ce zamani ya wuce turi, sai sauraro kai tsaye ta intanet. Boomplay na zuwa a cikin wayoyin Tecno, ga Audiomack, ga YouTube, Spotify ma ya shigo Najeriya a 2021. Ta nan kuɗi kan koma wa mawaƙi, kuma na yi murna da haka. Sai dai lissafin na yawan dannawa ne, a Spotify sai an ji daƙiƙa 30 ake ƙirgawa. Mai waƙar minti uku da mai ta minti ashirin, dannawa ɗaya ce. Wa zai zauna ya tsara doguwa? Amshi ya dawo farkon waƙa, saboda guntun da za a yi rawa da shi a TikTok ake farauta.

A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan sadarwa a Zamfara saboda matsalar tsaro. Waya ta zama fitila da agogo. A makonnin nan na ga layi a teburina irin wanda na manta da shi, har da masu cewa sun fi ƙarfin turi. Abin da ya ba ni mamaki, da yawa tsofaffin waƙoƙi suka nema, dogaye, waɗanda za su cinye dare.

A cikin kwanakin ne wani dattijo daga wajen Bakura ya zo da kaset naɗe a leda. Ya ce, "Yaro, wanga nika so ka sa min cikin waya, rikodata ta mutu." Na ce, "Baba, wane ne mai waƙar?" Ya ce wani makaɗin noma ne na ƙauyensu, a gona aka ɗauka ranar gayya, ya daɗe da rasuwa. Na aro rikoda, na haɗa da kwamfuta, muka zauna minti 45 muna ji tare, ana jin ƙarar garma da guɗar mata a baya. Na rubuta sunan makaɗin da garinsu a kan fayil ɗin, na tambayi shekarar, ya ce shekarar da aka yi canjin kuɗi ta zamanin Buhari na soja, na rubuta 1984.

Tun daga ranar nake karɓar tsofaffin kasa-kasai ina juyewa, ba na karɓar ko sisi. Na tara sittin da ɗaya. Goma sha huɗu daga ciki babu rubutu a jikinsu, kuma waɗanda suka kawo su ba su san muryar ba. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci nakan saka ɗaya a lasifika, in ɗaga sauti, ko Allah zai kawo wanda zai tsaya ya ce ya san mai ita.