Gonar barewar da inuwa ta cinye mini

Har yau idan na tuna ranar da na tsaya a tsakiyar dajin nan cikin watan Maris na 2021, na ɗaga kai na ga rana tana zuba har ƙasa, na ce "nan ne wurin", sai haushin kaina ya taso mini sabo fil. Ni fa ɗan manomi ne, a wani ƙauye kusa da Maradi aka haife ni, da hauya a hannu na girma. Amma itatuwan jihar North Carolina ta Amurka sun yi mini wayon da ko yaro bai kamata a yi masa ba.

Wani dattijo da muke aiki tare a Greensboro ne ya ba ni izinin farauta a filinsa da ke wajen Asheboro. Neman naman halal ne ya kai ni: ka yi bisimilla ka harba, ka cika firiza da naman da ka san asalinsa. Mafarautan nan suna da al'adar share ɗan fili a cikin daji su shuka wa barewa abinci don ta saba da zuwa. Na ce wannan ai wasan yara ne, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na auna kwatan eka, na share da manjagara, na sayo buhun iri mai hoton namijin barewa da ƙahoni kamar rassan itace, na watsa.

A watan Afrilu wurin ya yi kore shar. Har hoto na tura gida ana ta sa mini albarka. Kafin ƙarshen Mayu shukar ta miƙe siririya kamar zare, ta yi fari-fari, ta kwanta. A Yuni babu komai sai gansakuka.

Abin da ya faru a fili yake, ni ne dai ban gani ba. A Maris itatuwan tsirara suke, ba ganye ko ɗaya, shi ya sa rana take sauka. Da suka yi toho sai suka rufe sama ruf kamar rumfa. Na kuma san abin da ya yaudare ni: gawo. A gida kowa ya san geron da ke gindin gawo ya fi na ko'ina kyau, domin gawo da damina yake zubar da ganye, ya bar wa shuka rana, ya kuma ba ta taki. Idona ya saba ganin itace ba ganye ya ɗauke shi abokin gona. Itacen nan kuwa lokacin da shuka take neman rana, lokacin ne yake tare ta. Saiwoyinsa kuma suna shanye ɗan ruwan da ya sauka.

Da a nan na gane, da asarar ta tsaya a kuɗin buhu ɗaya. Ina! Sai na ɗora wa barewa laifi, na ce su suka cinye tun tana ƙarama. Daga baya na ɗora wa ƙasa. Na ɗebi samfuri na aika ɗakin gwaji na ma'aikatar noma ta jiha a Raleigh, tunda in ba lokacin cunkoson hunturu ba kyauta suke yi wa mazauna jihar. Sakamako ya nuna tsamin ƙasar ya yi yawa, ma'aunin pH bai wuce 5 ba, alhali kuloba, ciyawar nan mai ganye uku-uku dangin wake, tana son 6 zuwa sama. Jar ƙasar yankin haka take, balle wadda ta shekara da shekaru tana shan ruɓaɓɓen ganye. Na yi murna, na ce na kama ɓarawo. Buhu 25 na garin farar ƙasa mai rage tsamin ƙasa na saya, kowane kilo 18, kuma mota ba ta isa wurin. A kafaɗa na yi jigilarsu cikin zafin Agusta, kaska tana hawana. (Kaskar nan ba ta wasa ba ce, akwai wadda cizonta ke sa jikin mutum ya daina karɓar jan nama. Ka ji mafarauci da wannan jarrabawa.)

Farar ƙasar ba asara ba ce, ƙasar tana bukatarta, sai dai tana ɗaukar watanni kafin ta yi aiki, kuma ba ta ƙara wa wuri rana ko ta minti ɗaya. A Satumba na sake shuka, har da tanif da radish, kayan lambu masu saiwa, waɗanda sun ma fi kuloba ƙishin rana. Abin da ya ɗan fito, ganyen Nuwamba ya zubo ya binne shi.

Duk wannan wahala dattijon yana kallona bai ce uffan ba. Sai a Yulin 2022, da na sake kawo masa ƙorafin iri, ya ce in ɗauki kujera in je in wuni a wurin da agogo a hannu. Na je tun hantsi. Rana ta taɓa tsakiyar filin wajen ƙarfe sha biyu da rabi, kafin biyu ta wuce. Awa ɗaya da rabi. Kuloba, wadda ake yabo da jure inuwa, tana son aƙalla awa huɗu. Na zauna a kujerar nan ina lissafin buhu 25, kunya ta hana ni tashi. Aikin wuni ɗaya, ba ko sisi, shi na tsallake na yi shekara da rabi ina dambe da iska.

Maganin zarto mai inji ne. Da izininsa, a Fabrairun 2023 muka kayar da itatuwan da ke kudu da filin, domin a nan rana ta kudu take karkata, sare na arewa ɓata mai ne kawai. Itatuwan da ake kira suwitgam da jan mapul muka fi kayarwa. Itacen da ake kira farin ok kuwa dattijon ya ce ko kusa kada in taɓa, don 'ya'yansa ba su da ɗaci kamar na jan ok, barewa ba ta haɗa su da komai. Gaskiyarsa: makonnin da suke zuba a Oktoba, ko kallon gonata ba a yi.

A tsakiyar Satumba na watsa hatsin rayi, ɗan'uwan alkama da ke jure sanyi da tsamin ƙasa, na bi shi da farar kuloba. Irin kuloba ƙanana ne ƙwarai, a sama ake barinsa a danne kawai, in ka binne shi kamar gero ka yi sallama da shi. Na kafa ɗan kejin waya a tsakiya domin in bambance abin da barewa ta ci da abin da bai fito ba, dabarar da da na yi ta tun farko da ban yi musu ƙazafi ba. Da ganye ya fara zuba, duk Asabar ina can da injin hura ganye. Wanda ba zai iya wannan zirga-zirgar ta Nuwamba ba, gara ya bar kuɗinsa a aljihu.

Ta yi kyau, alhamdu lillahi. A cikin kejin rayi ya kai tsawon taƙi, a waje an aske shi kamar da almakashi. Amma ga abin da har yanzu yake ba ni dariya da takaici a haɗe: kyamarar da na ɗaure a jikin itace ta nuna sun fi daɗewa a bakin filin, suna cin tohon da ya fito daga kututturen mapul da ƙayoyin da suka tsiro da kansu tun da rana ta samu hanya. Wato abin da ban shuka ba, ban sa wa taki ba, ban ɗauko masa buhu ko ɗaya a kafaɗa ba.

A ƙarshen Nuwamba na samu mace ɗaya mai ƙiba, da yamma, tana tsaye daidai inda na ajiye kujerar nan. Mun yi kilishi, mun yi dambu, an raba wa maƙwabta. Maiɗakina tana daka yaji ta ce, "Malam, in aka haɗa kuɗin iri da farar ƙasa da man mota na shekara uku, nawa kilo ɗaya na naman nan ya kama?" Na ce mata yajin ya yi kaɗan, ta ƙara citta.