Numfashi da Harshe

Laraba, bayan isha'i.

Sanyin Amstadam, babban birnin Holan, ya fara shiga ƙashi. Da na isa makarantar kiɗa da safe yatsuna duk sun ƙage, rikodar ma, wato sarewar katakon da nake koyon busawa, ta yi sanyi ƙalau, sai na zare kanta na sa a hammata har ta ɗauki ɗumin jiki. Haka kowa ke yi a sashenmu, domin in numfashi mai ɗumi ya shiga katako mai sanyi, raɓa ce ke taruwa a siririyar hanyar iska, sautin ya shaƙe tun ba a je ko'ina ba.

Darasin yau a kan Jacob van Eyck ne, makahon nan mai kaɗa ƙararrawar coci a birnin Utrecht na nan Holan, wanda ya rasu a 1657. A 1649 an ƙara masa albashi bisa sharaɗin ya riƙa busa wa masu yawon shan iska sarewarsa a harabar coci da yamma. Salonsa shi ne ya ɗauko waƙar da kowa ya sani ya busa ta yadda take, sannan ya yi ta maimaita ta yana farfasa ta ƙanana-ƙanana har yatsu su koma gudu.

Akwai wata gaɓa da nake so ta fito da ƙarfi, sai na tambayi malamata yadda zan yi. Ta ɗauki tata sarewar ta ƙara iska, nan take muryar ta haura sama ta kauce. Ta rage iska, ta faɗo ƙasa. Ta ce, "Ka ji ko? Wannan sarewa ba ta yarda a yi mata tsawa. In kana son ƙarfi, nemi shi a harshenka da kuma lokaci." Sai ta sake busa gaɓar, ta ɗan jinkirta kafin sautin da nake nufi, kamar yadda mai ba da tatsuniya ke yin shiru kafin ya faɗi abin da ya sami Gizo. Iskar ba ta ƙaru ba, amma wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Sauran lokacin a kan harshe muka ƙarar da shi: te-re te-re, di-ri di-ri, le-re le-re. Tun 1535 wani makaɗi, Silvestro Ganassi, ya rubuta irin waɗannan a birnin Banis na Italiya, yana son sarewa ta kwaikwayi muryar ɗan Adam. Rami takwas kacal gare ta, bakwai a gaba, ɗaya a baya na babban yatsa, amma kowane sauti yana da yadda ake buɗe masa baki. Shi ya sa nake jin zafi in an ce kayan wasan yara ne don an saba ganin ta roba a hannun 'yan firamare. Ai Frans Brüggen, shahararren mai busa rikoda ɗan Holan, yana da shekara 21 aka ba shi koyar da ita a babbar makarantar kiɗa ta birnin Hague.

Da rana mun yi gwaji mu huɗu. Daidaita murya kawai ya cinye mana rabin lokaci.

Bayan magariba Yaya ya kira daga gida. Mun gaisa, ya ce Inna na sa mini albarka, sannan ya zo kan maganar da ke ransa.

"Ƙanina, shekara huɗu kana wannan karatu. In ka gama, wa zai ɗauke ka aiki?"

Na ce, "Yaya, gaskiya babu mai ajiye mana kujera."

Haka abin yake. Manyan ƙungiyoyin makaɗa na zamani ba su da gurbin dindindin na mai rikoda, tun da sarewar da ake riƙewa a karkace ta ture ta a ƙarni na 18, saboda ita tana iya ɗaga murya ta kuma sassauta. Waɗanda suka riga mu gamawa koyarwa ce ke riƙe da yawancinsu. Sukan haɗa 'yar ƙungiya su yi wasa a coci-coci da bukukuwan tsohon kiɗa, wasu su ƙara shekara biyu su yi digiri na biyu. Na faɗa masa duk wannan ban rage komai ba, na kuma ce ko da koyar da yara ne zai ciyar da ni, ina so, muddin zan ci gaba da busawa.

Ya yi shiru, can ya ce, "To, Allah ya sa albarka. Ka turo mana abin da kake busawa mu ji."

Gobe da sassafe zan kama ɗakin gwaji kafin a cika, in naɗa masa na van Eyck ɗin a waya.