Littafin Jirgin Kakana

Da za a raba kayan Goggo bayan rasuwarta, a ƙasan adakarta, cikin tsumman atamfa, muka tarar da wani ɗan littafi mai tauri wanda gefensa ya ci ruwa. Na kakanmu ne, mahaifinta. Mun taso muna jin cewa ya yi aikin jirgin ruwa a Ikko, ya je har Ingila, amma iyakar labarin ke nan. Ni ban riske shi ba.

Littafin sallama ne, wanda ake ba ma'aikatan jiragen kasuwanci na Birtaniya. Kowace tafiya da layinta: sunan jirgi, lambarsa, ranar hawa, ranar sauka, sai hatimin shaidar halin ma'aikaci. A layi uku na ga Aureol, jirgin fasinjan kamfanin Elder Dempster da ya fara zirga-zirga tsakanin Libaful da Legas a 1951, yana yada zango a Firitawun da Takoradi. A ɗakin inji kakana yake, yana zuba wa ƙarafa mai.

Wata biyu na ɓata ina neman sa da suna, kuma nan na yi kuskure. Magatakardan Turawa yadda kunnensu ya ji suke rubutawa, Muhammadu ya koma Mamadu ko Momodu, garin mutum ya zama sunan mahaifinsa. Abin da ba ya canzawa shi ne lambar da ke jikin littafin, da lambar rajistar jirgi. Duk mai irin wannan nema, don Allah ya fara da su.

Takardun ma ba wuri ɗaya suke ba. Ma'adanar tarihin Birtaniya da ke Kew, a Landan, tana da rajistar ma'aikatan 1941 zuwa 1972 a jerin BT 382, da ambulan ɗin kowane mutum a BT 372, waɗanda sau da yawa har hoto ake samu a ciki. Na ci buri a kan hoton nan, ban samu ambulan ɗinsa ba. Da ma ba duka suka tsira ba. Ranar raina ya ɓaci ƙwarai.

Abin da ya ba ni mamaki, mafi yawan takardun sunayen ma'aikatan kowane jirgi, wajen kashi 70 cikin 100, suna Kanada, a Jami'ar Memorial ta Newfoundland. Akasarin na shekarun da suka ƙare da 5, kamar 1955, suna gidan tarihin teku na Greenwich. Na aika wa na Kanada lambar jirgin da shekarar 1953, na biya kuɗin bincike, na zauna jira.

Da hoton shafin ya iso, sai da na bi layi-layi da yatsa a kan waya. Can ƙasa, tsakanin mutanen Saliyo da na Warri, ga lambarsa daidai. A gurbin wurin haihuwa an rubuta Kano. A gurbin sa hannu kuwa, inda wasu suka yi gicciye, shi da ajami ya rubuta sunansa, rubutun ɗan makarantar allo, da wasali cikakke.

Na buga shafin na kai wa Baffa, autan 'ya'yansa, wanda idonsa ya yi rauni. Ya kai takardar dab da fuskarsa, ya daɗe shiru, sannan ya ce, "Hannun Malam ne. Haka yake jan dalinsa."